Abin da Agwagin Gwaggo Suka Ci

Asabar, 9 ga Yuni, 2001

Yau na kai agwagina ƙauyen Gude. Ni da na rantse na bar ƙauye har abada, sai ga ni a motar Kabo da kwandon 'ya'yan agwagwa a cinya suna yi min kashi a zani.

Kowa a ajinmu ya samu firojet na mutunci, wani shanu, wani dawaki. Ni kuwa Dakta Lukuman ya dube ni ya ce, "Juwairiyya, tayirod ɗin agwagwa." Wasu 'yan ƙwayoyi ne guda biyu a cikin wuya, waɗanda in suka kumbura a jikin mutum ake cewa maƙoƙo ya fito masa. Zan riƙa ciro su tun daga ƙyanƙyasa har agwagin su girma, ina aunawa, ina dubawa a madubi, ina rubuta yadda suke sauyawa. In na gama na zama likitar dabbobi. In ban gama ba shi ke nan. Yajin aiki ya riga ya cinye min shekara biyu, kuma Baba ya ce bana ce ta ƙarshe.

Baba ya ƙi a ajiye su a gidanmu na Unguwar Tudu, a Gwarzo. "Ɗalibai suna alwala a tsakar gida ki kawo mana masu kashi?" Da ƙyar ya bar min huɗu a keji bayan madafi. Sauran sai wajen Gwaggo Gwamma, yayarsa. Ita ta riƙe ni tun rasuwar Inna, ita ce kuma ta tsaya kai da fata sai na je jami'a lokacin da ya ce sakandare ta isa.

Tun daga zaure ta fara, "Maraba da likitar agwagi!" Na nuna mata buhu biyu na abincin kaji, na ce shi kaɗai za a ba su. Ta ce, "Ko ya ƙare kada ki damu, 'yar nan. Abin da na ci shi za su ci. Ni dai in gan ki da baƙar hular nan ta gama makaranta."

Tana girki da hijabi har ƙasa. A cikin gidanta, ita kaɗai.

Litinin, 11 ga Yuni

Rigima da Baba. Ya ce agwagwa babba in an yanka a ci, to, amma ɗan tsakon da bai kai loma ba, da wace hujja za a kashe shi? Na ce ilimi. Ya ce, "Ilimin wa zai amfana?" Na ce Dakta Lukuman ne ya ce. Ya yi min kallon da yake yi wa ɗalibin da bai biya hadda ba.

Bayan la'asar ya fito daga ɗakin littattafai ya ce ya halatta, da sharaɗi: shi zai yanka, da bisimilla, da kaifi, kuma kada 'yan'uwan su gani. Ya aika aka sayo sabuwar reza.

Talata, 12 ga Yuni

Kunya. Na buɗe wuyan 'yan tsaki uku cikin waɗanda na ɗauko daga Gude yau, ban ga komai ba, saboda a ƙarƙashin haɓa nake nema kamar ta akuya ko ta mutum. Ashe ta tsuntsu can ƙasa take, a gindin wuya, daidai mashigar ƙirji, kowacce maƙale da jijiyar jini. An koya mana wannan a aji biyu. A na huɗu na same su, ja-ja, ba su kai ƙwayar gero ba.

Baba ya tambayi ukun farko. Na ce sun ɓaci. Ya haƙa rami a gindin zogale ya binne su. Da ma zagina ya yi.

Lahadi, 24 ga Yuni

Mudun masara ya sake tashi. A gidan nan ma tuwon dare ya fara sirancewa.

Alhamis, 12 ga Yuli

A hanyar dawowa daga Gude samarin nan 'yan Shari'a masu binciken giya a motoci suka tare mu. Ɗaya ya buɗe jakata, ya ga kwalabe, ya shinshina sifirit, ya ɗaga murya kamar ya kama ɓarawon sa. Mace da hijabi da kwalabe! Na ce masa ya duba da kyau, naman wuyan agwagwa ne a ciki, in yana sha'awa ya kurɓa. Mota duka aka kwashe da dariya. Babbansu ya tambayi 'yar wa ce ni, da ya ji Malam Abdulmuttalib sai ya fara ba ni haƙuri. Har yanzu raina a ɓace yake, ban san ko binciken ne ya fi ƙona min rai ko haƙurin ba.

Agwagin suna girma. Gwaggo ta sa musu sunaye, na ce ta daina, na yanka ne. Muryarta ta dushe. Na ce mura ce? Ta ce damina ce. Na tsokane ta na ce ta koma kamar toron agwagwa, ba kuka sai huci. Ta jefe ni da muciya.

Juma'a, 27 ga Yuli

Yau a ajin matan aure Baba ya kafa misali da Gwaggo. Wai tun ranar da aka ƙaddamar da Shari'a ita ce mace ta farko a Gude da ta ɗinka dogon hijabi, kuma ko a tsakar gida ba ta cirewa. "Tsohuwa ke nan, ina ga yara?" Yana faɗa yana kallon inda nake. Ni ce yaran, saboda na fito wanke kwalabe da ɗankwali.

Gwaggon da na sani da bakin zani a ƙirji take daka, tana waƙa har maƙwabta su amsa. Allah mai shiryarwa.

Laraba, 15 ga Agusta

Akwai abin da ba daidai ba. Ƙwayoyin da na ciro yau sun yi nauyi fiye da yadda littafi ya ce, nesa ba kusa ba. Na goge sikeli, na sake aunawa, haka. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, ko ba sikeli na ga sun yi girma, kuma sun yi duhu.

Wataƙila agwagin gida haka suke, littafin na Turawa ne. In haka ne ma na gano sabon abu. Da wannan na rarrashi kaina.

Da zan taho Gwaggo ta ciro murjaninta daga ƙasan adaka, wanda ta gada wajen kakarmu, ta damƙa min. Na ce me ya yi zafi? Ta ce, "Wuyana ya gama da ado." Na ce Shari'a ba ta hana murjani ba. Ta ce in karɓa kawai in daina surutu. Da rana tuwon alabo ta yi, na garin busasshen rogo, ni na ci, ita ta dama nata da ruwa ta sha kamar kunu.

Asabar, 1 ga Satumba

Ƙwayoyin sun ƙara girma. Agwagin kuma sun yi sanyi, gashinsu ya yamutse, sai kwanciya a gindin rumbu. Ba na son rubuta komai.

Litinin, 10 ga Satumba

Makaranta. Dakta Lukuman ya leƙa madubi ya daɗe, sannan ya ce in leƙa. Ramukan da ya kamata su cika da ruwa mai kauri sun motse, bangonsu ya yi tudu. Ya ce, "Waɗannan ba lafiyayyu ba ne. Me kike ba su?" Na ce abincin kaji. Ya ce, "Ke kike ba su da hannunki?"

Ba ni ba ce, Gwaggo ce.

Ya ce bincikena na lafiyayyar agwagwa ne, don haka duk abin da na auna tun Yuli shara ne. Da bakinsa ya ce shara. Amma ya tausaya: za a samo sabbin 'yan tsaki a ajiye a kejin makaranta, in zauna a kansu da kaina. In zo ranar Litinin, takwas ga Oktoba. Ba a jiran kowa, tsaki ba ya fasa girma. In ban zo ba sai baɗi.

Baɗin da ba ni da ita.

Na yi kuka a bayan lab, mai shara tana kallona.

Talata, 18 ga Satumba

Da safe na sa Baba ya yanka ɗaya daga cikin huɗun da ke bayan madafi, waɗanda ni nake ba su abinci. Ƙwayoyinta lafiya lau, kamar ƙwayar wake. Na sa a kwalba na hau mota.

A Gude maƙwabcin Gwaggo, Malam Ja'afaru, ya yanka min ɗaya. Na ciro nata, na jera su a faranti tare da na Gwarzo, na dangwara a gaban Gwaggo. Ko gaisuwar kirki ban yi ba.

Na ce, "Ga na Gwarzo, ga naki. Wake da gurjiya. Me kika ba su?"

Ta ce buhunan sun ƙare tun farkon Yuli, ta ga halin da ake ciki, ba ta so ta ɗaga min hankali. Ta riƙa ba su ɓawon rogo da ragowar tuwon alabo, tana barbaɗa gishiri don su ci da marmari. Na ce wane gishiri? Ta nuna min ƙwarya. Na buhu ne, wanda ake saya wa shanu a kasuwa, ya fi araha. Babu aidin, sinadarin da ke hana maƙoƙo, a cikinsa ko ɗis. Rogo mai ɗaci da gishiri marar aidin, ko da gangan mutum yake son kumbura wuya iyakar abin da zai haɗa ke nan.

Na ce ta kashe min shekara takwas. Na ce da na san haka da kare na ba wa ajiya. Na faɗa, Allah ya ji.

Ba ta rama ba, Gwaggon da ba a gaya mata ɗaya ba ta mayar da goma ba. Ta tsura wa farantin ido. Ta ce, "Wallahi ban ware su ba, 'yar nan. Abin da na ci shi suka ci." Can kuma ta ce, "In ya kumbura haka, numfashi yake tarewa?"

Na ce ban sani ba, ta tambayi agwagin. Na ɗauki jakata.

Laraba, 19 ga Satumba

Abin da na ci shi suka ci.

Hannunta yana cikin hijabi lokacin da ta yi tambayar. Innalillahi.

Alhamis, 20 ga Satumba

Ban yi sallama ba. Da azahar na shiga, tana bayan ɗaki tana alwala, hijabin rataye a kan danga.

Maƙoƙon da ke wuyanta ya kai girman mangwaro. Ya fi karkata dama, fatar ta miƙe tana sheƙi, jijiyoyi sun fito. Ta ɗago ta gan ni, ta kai hannu za ta rufe, sai ta fasa. Ta ce, "To, ran wanka ba a ɓoyon cibi."

Na durƙusa a cikin ruwan alwalar.

Ta ce shekara huɗu ke nan, da farko kamar goro. Da mayafi take naɗewa, matan unguwa suna tambaya ko sanyi take ji. "Da aka zo da hijabin nan sai na ce Allah ya kawo min sutura. Ba mai tambaya, sai ma yabo." Ta yi dariya, dariyar ta sarƙe ta, ta daɗe tana tari. A zaune take barci tun bazara, jingine da buhun gero, in ta kwanta kamar an danne mata maƙogwaro.

Wata uku ina zuwa gidan nan ina buɗe wuyan agwagi. Muryar, kunun, murjanin. Komai a gabana aka yi.

Na ce ta yafe min maganar kare. Ta ce, "Ai da kare kika ba wa da ya cinye su, kin huta."

Asabar, 22 ga Satumba

Na gaya wa Baba. Yana riƙe da buta, ya ajiye ta a hankali. Ya ce, "Yaya?" kamar akwai wata. Sai can ya ce, "Ni kuwa na tsaya gaban mata ina yabon abin." Yau bai shiga aji ba, ya sa babban ɗalibinsa ya biya wa yara.

Na zubar da gishirin gidanmu ma, na sayo na leda mai hatimi. Mai girkinmu tana ta mita wai almubazzaranci.

Alhamis, 27 ga Satumba

Mun je da Baba da wani ma'aikacin lafiya daga Kabo. Ya taɓa, ya sa ta haɗiyi ruwa, ya saurari numfashinta. A zaure ya gaya mana gishiri zai hana na wasu fitowa, amma wannan ya wuce gishiri. Sai birni, kuma da wuya ba aiki za a yi ba. Kada a kai sanyi.

Gwaggo ta ji kalmar aiki ta ce a kai kasuwa. "Wuƙa a wuya? Ni akuya ce? Na ga yadda kuke yi wa agwagi, ke da ubanki." Baba ya gyara zama ya fara jawo hadisi, cewa babu cutar da Allah ya saukar bai saukar da maganinta ba. Ta bar shi ya kai ƙarshe, sannan ta ce, "Auta, ni na goya ka. Tashi min a nan." Ya tashi.

A mota ya tambaye ni zancen makaranta. Na gaya masa ranar. Ya ce, "To." Shi ke nan, to.

Lahadi, 30 ga Satumba

Na dawo Gude da kwana, don in sauya wa agwagin da suka rage abinci in ga ko za su farfaɗo. Wannan ne dalili.

Ni nake girki yanzu. Baba ya aiko da dawa, ban san inda ya samo ba. Na ɓoye alabon a bayan rumbu. Gwaggo ta ce miyata kamar ruwan wanke hannu. Na ce, "Abin da na dafa shi za ki ci." Ta harare ni, ta sha.

Numfashinta kamar ana jan igiya a bakin rijiya. Ina tsoro. A nan kaɗai zan iya faɗa, ina tsoro ƙwarai.

Laraba, 3 ga Oktoba

Sauda, matar Malam Ja'afaru, ta shigo aron turmi. Na kama kaina ina kallon wuyanta. Kowace mace na gani yanzu wuyanta nake nema, kuma duk a rufe suke. Na ba ta ledar gishiri, ban yi dogon bayani ba. Ta juya ledar, ta ce ƙanwarta ma tana da "abin nan". Ashe sun sani. Kowa ya san nasa, kowa ya rufe.

Juma'a, 5 ga Oktoba

Ina wanke kwalabe Gwaggo ta zo ta zauna kusa da ni. Ta ce in sake nuna mata inda abin yake a jikin agwagwa. Na kamo ɗaya, na ɗora yatsanta a gindin wuyan. Ta ce, "Nawa fa?" Na nuna mata a wuyana. Ta ce in an cire mutum yana magana? Na ce yana yi, in sha Allahu. Ta ce, "To zan je. Amma da ke. Ki kwana da ni, ki tashi da ni, in za su yanka ki tsaya ki nuna musu wurin."

Na ce, "Gwaggo, ni agwagi na sani. Su ma sai da na ɓata uku."

Ta ce, "Ai ciwonmu ɗaya."

Baba ya aiko cewa an ce mu je birni ranar Laraba, kuma ana iya riƙe ta makonni kafin a yi aikin da bayansa.

Ba ta san zancen Litinin ba. Ta ɗauka na rubuta abin da na samu, an karɓa. Jiya ma tana tambayata ko hular tana da igiya. In ta sani ba za ta je asibiti ba, da muciya za ta kora ni tasha.

Na haɗa jakar makaranta. Na kwance. Na sake haɗawa.

Litinin, 8 ga Oktoba

Ina Gude.

Ba wai na fasa ba ne. Mai yana wahala, motoci ba tabbas, kuma agwagin nan sun fara tashi suna neman ruwa, bai kamata a bar su yanzu ba. Dakta Lukuman zai ba wa wani 'yan tsakin, ba asara aka yi ba.

Da hantsi Baba ya iso a bayan babur da kayan sawata na asibiti. A ƙasan ƙullin na tarar da littattafaina na makaranta duka, har da wanda ya ce hotunansa ba su dace ba. Ya dai tsaya ya daɗe yana kallon agwagin, ya ce, "Waɗannan kuma a bar su haka." Na ce dama.

Bayan tafiyarsa Gwaggo ta fito tsakar gida da zani da ɗankwali, ta zauna a rana. Sauda ta leƙo ta katanga, ta gani, ta gaishe ta kamar kullum.

Jiya na tsinke murjanin, na sake shirya shi a sabon zare, na ƙara tsawon kamu ɗaya. Don zaren ya tsufa ne. Na zo ta bayanta na ɗaura mata. Ta ce, "Ke wace irin yarinya ce, ba na ce wuyana ya gama da ado ba?" Amma ba ta cire ba, ta sa hannu tana lalubar ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya.

Ya shiga, har da saura.